Jarka kafin kambu

Ranar da na fara zuwa filin ƙwallo, da but ɗina na je a rataye a wuya, ɗan gwanjo ne da Yaya ya sayo min a Ƙofar Wambai, na wanke shi na goge har yana ɗaukar ido. Koci bai ko kalli takalmin ba. Abu uku ya tambaye ni: ɗan gidan wa ne ni, wace makaranta nake, sannan ko na yi la'asar kafin in fito. Da na amsa sai ya ce, "Ka ce wa babanka zan zo in gaishe shi bayan magariba. In ya amince, ka zo ranar Asabar ana idar da asuba. Takalmin kuma ka bar shi a gida tukuna."

Wannan a farkon 2009 ne, sanyi ya fara ja da baya, ina da shekara 15, ina aji huɗu a sakandare. Filin namu na wata firamare ce a nan gefen Goron Dutse, ba ciyawa ko ɗaya, jar ƙasa ce da tsakuwa, ga wani kwari a gaban ragar yamma da ruwa ke kwanciya a ciki duk damina. Koci mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake haɗawa da rana. Yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu saboda gwiwar da ta raba shi da bal tun yana saurayi. Ya taso a zamanin da Raccah Rovers ke tashe a Kano, yakan ba mu labarin yadda gari ya kaure da murna da suka ɗauki kofin lig na ƙasa a 1978, tun ba a yi tunanin kafa Kano Pillars ba, wadda sai a 1990 aka haɗa ta. Ba wanda ke biyansa ko sisi a kan horar da mu.

Ya zo gidanmu kamar yadda ya ce. Suka zauna da Baba a zaure, ni ina tsugune daga bakin ƙofa. Sharaɗin da suka ƙulla a gabana shi ne duk ƙarshen zango zan kai wa Koci sakamakon jarrabawata, kuma ranar da malamin Islamiyya ya kawo ƙarata, bal ta tsaya sai an gyara. Baba ya ce, "Malam, ga shi nan, ɗanka ne." Koci ya ce, "Allah ya taya mu riƙo."

Mako uku na yi ban taɓa ƙwallo ba. Mu sababbi aikinmu daban ne. Da asuba mu hau Goron Dutse da gudu mu sauko, mu sake hawa, har sai cinya ta fara rawa. Da yamma mu tsince kwalabe da ƙusoshi da ledoji daga filin, sannan a ba mu igiya da bokitin toka mu zana layi. A nan na fara sanin cewa filin da nake gani a gidan kallo komai nasa a ƙididdige yake: yadi 18 daga layin raga zuwa bakin da'irar gola, yadi 12 zuwa inda ake ɗora bugun fenariti, yadi 10 daga tsakiyar fili zuwa zoben da ya kewaye shi, faɗin raga yadi 8, tsayinta ƙafa 8. Koci yana da igiya mai ƙulli-ƙulli a kan kowane ma'auni. In layi ya karkace sai ya sa ƙafa ya share, ya ce a sake. Mu bakwai muka fara a wannan zubin, mu uku muka kai ƙarshen makon na uku. Daga baya na gane cewa da gangan yake yi. Yana so ya san wanda bal ɗin yake so, da wanda tafi yake so.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na shiga cikin manya shi ne littafinsa. Littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, ya naɗe shi a leda saboda gumi. Kowane shafi ya ja layi uku a gaban sunayenmu. Na farko ya rubuta "lokaci" a samansa, na biyu "komawa", na uku "baki". Lokaci dai a bayyane yake. Komawa yana nufin abin da ka yi a daidai lokacin da aka ƙwace ƙwallo daga hannunmu: ka juya da gudu ka koma ka tare, ko kuwa ka tsaya ka riƙe ƙugu kana kallon wanda ya zubar. Baki kuwa shi ne abin da ya fito daga bakinka sa'ad da ɗan'uwanka ya yi kuskure. Babu layin ƙwallayen da aka ci. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ƙwallon da ka ci duk unguwa ta gani, har mai shayi zai ba da labari gobe. Ni abin da ba wanda zai faɗa nake rubutawa."

Kada mai karatu ya ɗauka mutum ne da bai damu da cin wasa ba. Ya damu ƙwarai. Ranar da aka ci mu, tuwon dare ba ya shiga bakinsa, matarsa ce ma ta taɓa faɗa wa Ummanmu. Sai dai yana da wani lissafi da yake maimaita mana har muka haddace. Yakan ce ci da rashin ci akwai ƙafar mutum ashirin da biyu a ciki, da usur ɗin alƙali, da iska, da ramin da ke gaban raga, a saman duk wannan kuma akwai hukuncin Allah. Abin da ke hannunka kai kaɗai shi ne gumin da ka zo da shi, kuma a kan shi kaɗai zai tuhume ka. Amma in yaro ya yi fashin atisaye mako guda sannan ya zo bayan an lallasa mu yana cewa ƙaddara ce, nan take fuskar Koci ke sauyawa. Sai ya tuna masa da hadisin mutumin da aka ce wa ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. "Kai naka raƙumin a sake ka bar shi," in ji shi, "ka daina ɗora wa ƙaddara."

Akwai wasan sada zumunci da muka ci wata ƙungiya 4-0, mun dawo muna tsalle a bayan a-kori-kura. Washegari ya zaunar da mu a rana ya buɗe littafi. Ya ce daga ƙwallo ta uku mutum takwas suka daina komawa, kowa ya koma yanka don 'yan kallo su yi ihu, kuma ya ji da kunnensa an zagi ɗan bayanmu na dama da ya ba da fasin ba daidai ba, alhali muna kan gaba da ci uku. Ya ce wannan wasan a littafinsa faɗuwa ce. Bayan mako biyu wasu yaran Fagge suka zo har gida suka ci mu 1-0, mun yi gudu kamar ranmu zai fita. Ranar da kuɗinsa ya saya mana awara da ruwan leda. A lokacin na ɗauka rikicin tsufa ne kawai. Sai da shekarar ta tafi na fara ganin zaren.

Shekarar kuwa ta ba shi misali a tafin hannu. A 2009 ne Pillars, da ke riƙe da kofin lig na 2008, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce mai riƙe da kofin. An tashi 2-2 a Alƙahira, Pillars ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje. Duk inda ka bi a gari "Sai Masu Gida" ake yi, 'yan acaɓa suna ta hon. Da aka kai wasan kusa da na ƙarshe a watan Oktoba, Heartland ta Owerri ta fitar da su da ci 5-0 gida da waje, sai ga bakunan da suka yi kirari su ne suka koma zagi. Koci ya tara mu ya ce, "Mutanen nan da ake zagi yau, su ne dai waɗanda aka ɗauka a kafaɗa watannin baya. Ƙafafunsu ba su sauya ba. In ka bari bakin 'yan kallo ne ma'auninka, kullum a rikice za ka kwana."

Azumin shekarar ya zo ne a cikin damina, daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Muka rage atisaye zuwa na bayan la'asar, ba gudu mai yawa, sai fasin da tsayuwa. Bayan ƙaramar Sallah kyaftin ɗinmu ya wuce shekarun ƙungiyar ya koma ta manya, kambun da kyaftin ke ɗaurawa a damtse ya zama ba mai shi. Kowa ya ɗauka lamba taranmu za a ba wa, don shi ne mai ci mana ƙwallo, dogo ne mai ƙirji, ko a gidan kallo ya shiga sai an matsa masa. Koci bai ce komai ba. Sai kawai ya ware mu uku, ni da lamba tara da wani ɗan baya, ya ce kowa zai riƙe mako biyu. Abin da za ka riƙe ɗin kuwa ba kambu ba ne. Jarka ce rawaya mai cin lita 25, da mukullin ɗakin da ake ajiye ƙwallaye a garejinsa, da takardar sunaye. Kai za ka riga kowa zuwa da ruwa a cike, kai za ka bi bayan kowa ka kulle.

Jarkar nan daga burtsatse zuwa fili tafiya ce mai ɗan nisa, kuma ba ya yarda ka ɗora wa ƙananan yara. Lamba tara ya ɗauka kwana biyu, a na uku ya ba wa wani yaro naira ashirin ya kai masa. Koci ya gani, bai tanka ba. Da nawa makon ya zo na ɗauka da kaina, amma na yi wani kuskuren da ya fi nasa. Na ɗauka shugabanci tsawa ne. Ina daka wa sa'o'ina tsawa su yi layi, ina ƙirga wanda ya makara da ƙarfi don Koci ya ji.

A cikin makon ne golanmu ya makara sau uku a jere. Yaro ne mai shiru, ba ya musu. A rana ta uku Koci ya tambaye ni, "Me ke makarar da shi?" Na ce ban sani ba. Da ya iso aka sa shi zagaye fili sau goma, aka ce ba zai tsaya a raga ranar Asabar ba. Ya yi zagayensa bai ce uffan ba, ya tafi gida.

Washegari na yi sammako fiye da kullum don layin burtsatse ya fara tsawo. Ina isa na tarar da shi a can, ya cika jarkoki goma a kan kura yana ƙoƙarin tura ta ta haye wani tudu, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Mahaifinsa ɗan garuwa ne, ya kwanta rashin lafiya mako biyu, kuma in kurar ba ta fita ba ranar ba a ɗora tukunya a gidansu. Sawu biyu yake yi kafin ya zo fili, sannan ya wuce makaranta. Na ajiye tawa jarkar muka tura tare. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Na ce masa mutum ɗaya zan faɗa wa.

Na sami Koci a gareji da rana, ya ɗage gilashin walda ya saurare ni har na gama. Ya daɗe bai yi magana ba. Da yamma da kowa ya hallara, ya kira golan gaba, ya ce a gaban yara kusan talatin, "Jiya na hukunta ka ban bincika ba. Na zalunce ka. Ka yafe min." Bai faɗi dalilin makarar ba, ya rufa masa asiri. Sannan ya miƙa min usur, ya kama zagaye filin da ɗingishinsa. Muka yi ta ba shi haƙuri, golan har da hawaye yana cewa, "Koci don Allah ka bari, na yafe," bai tsaya ba sai da ya cika goma. Ban taɓa ganin babban mutum ya yi haka a gaban yara ba, kuma har yau da nake da nawa yaran shago ban ga na biyu ba.

Da aka tashi ya riƙe ni a baya. Na zaci yabo zai yi. Sai ya ce, "Kai ma da naka laifin. Ni ina da gareji da iyali da yara talatin. Kai layi biyu ne tsakaninka da gidansu. Na tambaye ka ka ce ba ka sani ba, kuma ba ka ji kunyar faɗin haka ba. Wanda ke gaba, kafin a tambaye shi ya riga ya sani." Ya ce daga ranar duk wanda bai zo ba, kafin ya buɗe littafi yana so in riga na je gidansu.

A cikin wata guda na shiga zaure fiye da ashirin, daga Goron Dutse zuwa Kabuga, har Gwammaja inda biyu daga cikinmu suke. Na san wanda ke zuwa atisaye bai karya ba, na san wanda kishiyar uwa ke ɓoye wa takalmi, na san wanda ƙaryar ciwo kawai yake yi don ya kwana a gidan kallo. Tsawata ta ragu da kanta, don da wuya ka daka wa mutum tsawa bayan ka zauna a tabarmar gidansu ka ga abin da ke ciki. Muka shirya mu huɗu muna karɓa-karɓa wajen tura kurar nan da asuba har mahaifin golan ya miƙe.

A ƙarshen Oktoba aka fara gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Najeriya, Kano na cikin garuruwan da aka buga, a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Koci ya yi ta faɗi-tashi har ya shigar da mu goma sha biyu kallon wasan Sifaniya. A cikin yaran nan akwai Isco da Koke, waɗanda daga baya duniya ta san su, amma ranar ba mu san sunan kowa ba. Kafin a take wasa ya cire agogon hannunsa ya ba ni, ya nuna min ɗan tsakiyarsu guda, ya ce, "Kai lamba shida kake bugawa. Kada ka kalli ƙwallo yau. Wancan yaron za ka kalla, ka ƙirga min tsawon lokacin da ƙwallo ta yi a ƙafarsa." Na yi iya ƙoƙarina, abin da na tara duk wasan bai wuce 'yan mintoci ƙalilan ba. Sauran lokacin duka yaron tafiya yake, yana waiwaye, yana toshe hanya, yana buɗe wa ɗan'uwansa wuri, yana nuni da hannu. A hanyar komawa Koci ya ce, "To ka ga inda wasan yake. Abin da kuke kashe kanku a kai minti biyu ne ko uku. Sauran tamanin da wani abu su ne a littafina."

Ana gobe Babbar Sallah na je gareji ɗaukar jarka, sai na ga an ɗaure kambun a jikin mariƙinta. Koci yana can yana yankan ƙarfe, ko juyowa bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ba a raba su. Ranar da ka ajiye ɗaya ka ajiye ɗayan."

Gasar unguwanni ta 'yan ƙasa da 17 da muka yi shekara muna jira ta zo a hutun Disamba. A nan aka zo wurin da ya fi min wuya a duk tafiyar. A gasar duniyar da aka gama, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI tana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, domin akwai wata gaɓa a wurin da ba ta gama haɗewa sai yaro ya girma, in an ga ta haɗe tsaf to kusan tabbas ya haura 17. Maganar ta cika gari, don 'yan wasa da dama sun fita daga tawagar Najeriya a kan wannan gwajin kafin a fara, duk da haka tawagar ta kai wasan ƙarshe inda Suwizalan ta ci 1-0 a Abuja. Mu a unguwa ba na'ura, takarda ce kawai, kuma kowa ya san yadda ake samo takardar rantsuwar shekaru.

Koci ya miƙo min fom ɗin rajista mai sunaye 18, akwai wurin sa hannun kyaftin a ƙasa. Ya ce, "Ka tafi da shi gida. Duk sunan da ke nan in ka yarda da shi, ka sa hannu ka kawo gobe." Ina dubawa na ga lamba tara an rubuta masa 1993. Shi kuwa mako guda ne tsakanin haihuwarsa da ta Yayana, Umma ta sha ba da labarin yadda aka yi sunansu a jere, a 1991. Koci baƙo ne a layinmu lokacin, zai yiwu bai sani ba, zai yiwu kuma ya sani. Ban taɓa tambayarsa ba.

Daren nan ban yi barci ba. Ba tare da shi ba na san kofin ya yi mana nisa. Kuma ba mugu ba ne, yana da burin a gan shi ne, a lokacin Ahmed Musa yana ta zura ƙwallaye a Pillars, kakar da ya gama da 18 kafin ya tafi Holan a 2010, kowane yaro a Kano yana ganin shi ne na gaba. Na faɗa wa Umma da asuba tana dama koko. Ba ta ce min yi ko bari ba. Ta ce, "In za ka yi magana, shi za ka fara samu, ba malaminku ba. Kada ya ji a bakin wani."

Na same shi a ƙofar gidansu. Na ce, "Yaya, ba zan iya sa hannu a kan 1993 ba. Gara ka je ka faɗa wa Koci da bakinka." Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce kambun wata guda ne ya fara hau min kai, ya ce duk ƙungiyoyin da za mu haɗu da su akwai masu aske gemu a cikinsu, wanda gaskiya ne. Ya shige gida ya bar ni a tsaye. Amma da yamma ya je gareji da kansa. Abin da suka tattauna ban sani ba, na dai ga an soke sunansa an sa na wani yaro ɗan shekara 14 siriri da muke ajiyewa a benci.

Maganar ta kai kunnen Alhajin da ya saya mana jesi yake kuma biya mana kuɗin mota. Ya zo fili da kansa, ya ce ba lamba tara kaɗai za a mayar ba, yana da wasu 'yan haya biyu da zai kawo daga wata unguwa. Koci ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ɗawainiyarka ba ta ɓoyuwa. Amma yaran nan iyayensu a zaure suka damƙa min su. In na sa ƙato ya karya ƙafar ɗan wani, ko na zaunar da mai shekarun gaskiya na ɗora na ƙarya, me zan ce musu? Annabi ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu." Alhaji ya ce wa'azi a masallaci ake yi, ya shiga mota. Jesin ya bar mana, kuɗin mota ya tsaya. Muka koma karo-karo, wasannin da ke kusa kuma muka riƙa takawa a ƙasa, ni da jarka a kafaɗa muna karɓa-karɓa da golan.

Mun fito daga rukuni da ƙyar, mun ci wasan kwata da bugun fenariti, golan nan ya tare biyu. A wasan kusa da na ƙarshe muka haɗu da wata ƙungiya da in ka tsaya kusa da 'yan bayanta sai ka ɗaga kai. Hazo ya sauko, leɓe duk ya tsage. Suka ci mu tun farko. Bayan hutun rabin lokaci yaron nan ɗan 14 ya bi wata ƙwallo da kowa ya fid da rai da ita, ya riga gola, ya farke. Daga nan ba na tuna komai sai gudu. Duk sanda aka ƙwace, sai in ji takun mutum goma a bayana da gefena suna komawa. Ɗan bayanmu na dama ya zame ya ba da kwana a banza, na ji muryoyi uku sun ce masa "ba komai, tashi". Daga wannan kwanar aka ci mu ta biyu, saura 'yan mintoci a tashi.

Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, da kambun a hannuna. Koci ya zo ya tsuguna da ƙyar saboda gwiwar, ya buɗe littafin ya ɗora min a cinya. Layi ukun nan a cike suke tun daga gola har lamba sha ɗaya, ba gurbi ko ɗaya. Ya ce tun da ya fara riƙe littafi bai taɓa samun shafi irin wannan ba. Gaskiya ranar bai sanyaya min zuciya ba. Har yanzu in na tuna ƙwallaye biyun da suka wuce ta gaban ragarsu ba wanda ya isa ya sa kai, na san lamba tara da ya ci aƙalla ɗaya, kuma da wataƙila kofin yana unguwarmu. Ina jin zafin wannan, kuma da za a sake miƙo min fom ɗin ba zan sa hannu ba. Abu biyun nan a tare suke zaune a raina, ɗaya bai kori ɗaya ba. Shi ma Koci ranar bai ci tuwo ba.

Babu ɗayanmu da ya zama ɗan ƙwallon da ake ji. Ni gyaran waya nake a Farm Centre, golan yana tuƙa adaidaita sahu tasa ta kansa, yaron nan siriri malamin makaranta ne. Shafin nan kuwa yana wurina, Koci ya yage ya ba ni ranar da na miƙa kambu a 2010.

Wasan ranar Asabar aka yi. Litinin ana idar da asuba na ɗauki jarka cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, ina tunanin ko mutum biyar za su fito. Na tarar da goma sha tara. A gefen raga kuma ga lamba tara a tsaye cikin rigar sanyi, ba but a ƙafarsa, rabonsa da filin tun ranar da na je ƙofar gidansu. Ba wanda ya yi magana. Koci ya dube shi, ya cire usur daga wuyansa ya miƙa masa, ya nuna masa ƙananan yara 'yan ƙasa da 12 da ke rakuɓe suna rawar sanyi, ya ce daga yau nasa ne, kuma filinsu na can gefe yana buƙatar layi. Ya karɓa, ya je ya ɗauko bokitin toka da igiyar nan mai ƙulli. Ya zo daidai inda nake bai kalli fuskata ba, ya ce, "Kyaftin, riƙe min bakin igiyar nan." Na sauke jarka na riƙe, ya ja ta yana ƙirga ƙulli har ya kai na sha takwas.